Burtsatse a makarantar karkara: tuƙa-tuƙa ko sola, kuma wa zai gyara?

Hedimasta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wani bawan Allah ya yi alƙawarin haƙa wa makarantarmu rijiyar burtsatse, ya ce mu zaɓa, ko tuƙa-tuƙa ko mai sola da tanki. Firamare ce ta jeka-ka-dawo, yara wajen 400. Mutanen ƙauyen su ma rafi da rijiyoyin guga suke sha, da bazara ta kama sai laka. Kwamitin iyaye ya rabu biyu, ni kuma aka bar wa yanke hukunci.

Ɗan Zamani: Wa'alaikumus salam Malam. Wannan har sai an tambaya? Sola mana. Wa yake tuƙa famfo a wannan zamanin? Yaro ɗan aji ɗaya ya rataye a hannun ƙarfe yana lilo kafin ya samu kofi guda.

Bakanike: Ƙanena, je ka ƙirga tankunan da ke tsaye a sama babu ɗigon ruwa a ciki, sannan ka dawo mu yi magana.

Injiniya: Malam Hedimasta, kafin a zo kan famfo akwai tambayar da ta riga ta: nawa ruwan da ake buƙata, nawa kuma ƙasar za ta iya bayarwa? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa makarantu a 2009, ta sa lita 5 kowace rana ga kowane ɗalibi da malami a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Yaranka 400, lita 2,000 ke nan. Tuƙa-tuƙa mai lafiya yana ba da kamar lita 1,000 a awa, wato awa biyu na tuƙi ya ishi makaranta. Amma ka ambaci ƙauye. A ce mutum 1,500 ne, kowa lita 20, lita 30,000. Famfo guda ko a kwana ana tuƙa shi ba zai kai ba, shi ya sa masu aikin agaji suke lissafa mutum 500 ga tuƙa-tuƙa ɗaya, ba fiye ba. To rijiyar ta makaranta ce ko ta gari? Amsar wannan ita za ta zaɓa maka famfo.

Hedimasta: Ranka ya daɗe nan gizo yake saƙa. Mai bayarwa makaranta ya ce. Amma ta yaya zan kulle ƙofa matan gari suna wucewa da jarkoki zuwa rafi, kuma 'ya'yansu ne nake koyarwa?

Uwar Yara: Malam ko ka kulle sai sun haura katanga, gara ma ka shirya da su tun yanzu. Kuma yarinyar da ta sha mai kyau a makaranta ta koma gida ta sha na rafi, me aka yi? Ita ce dai za a tasa da asuba ɗebo ruwa, ta iso aji an gama darasin farko.

Malamar Lafiya: Hajiya ta riga ni. Ma'aunin da Hukumar Lafiya da UNICEF suke amfani da shi ma haka yake, ba a cewa gida ya samu ruwa sai in zuwa da layi da dawowa ba su wuce minti 30 ba. A makaranta kuwa sharaɗin shi ne ranar da mai bincike ya zo ya tarar da ruwan yana zuba. Famfon da ke tsaye a tsakar makaranta ba ya kawowa, ba a lissafa shi cikakke.

Injiniya: Bari in ɗan tsawaita kan haƙar, domin yawancin rijiyoyin da ke mutuwa tun ranar haƙa aka kashe su.

Ƙasa iri biyu ce a taƙaice. Akwai inda ƙarƙashinta yashi ne da tsakuwa shimfiɗe, ruwa na kwance a tsakaninsu, kusan duk inda ka huda za ka samu, sai dai zurfi ya bambanta. Akwai kuma inda dutse ne tsantsa, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da tsagogin da ke ciki. A irin wannan wuri kana iya samun ruwa a nan, ka matsa taku hamsin ka haƙa ƙura kawai. Don haka ake fara awon ƙasa, a kafa ƙarafa a jere a tura lantarki, a ga inda ƙasa ta fi barin wuta ta ratsa. Awon ba ya ganin ruwa da ido, rage caca kawai yake yi. A 2012 masu binciken ƙasa na Birtaniya sun fitar da taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa na Afirka, suka nuna ruwan yana da yawa ƙwarai, amma a wurare da dama abin da rijiya guda za ta bayar daidai tuƙa-tuƙa ne, ba babban inji ba. Mutane sun riƙe rabin farko na maganar sun watsar da na biyu.

Bayan an huda sai a zura bututun roba, a daidaita masu tsaga-tsaga a saitin inda ruwa yake shigowa, a zuba wankakkiyar tsakuwa a kewaye ta zama matata. Sannan mitocin sama, galibi 3 zuwa 6, a cike gefen bututun da siminti don kada ruwan sama da ƙazanta su bi jikinsa su gangara. Daga nan a wanke rijiyar da iska har ruwa ya fito garau, sai gwajin ja: a sa inji a yi ta zuƙa ana auna yadda ruwan yake sauka da yadda yake dawowa. In sola za a sa, awa 24 ko fiye. Duk abin da na lissafa, in an rufe ba mai ganinsa. Ɗan kwangila zai iya mayar da ƙasar da ya haƙo a madadin tsakuwa, ya tsallake simintin, ya zuba kyakkyawan dakali a sama ya shafa fenti, a zo a yanke kyalle a yi hoto.

Ɗan Zamani: To Injiniya ai maganin wannan mai sauƙi ne. A ce masa ba ruwa ba biya.

Injiniya: Wannan sharaɗin shi ya fi kashe rijiyoyi. Mutumin da ya san in bai nuna ruwa ba ya yi asara, da ya ga ɗan danshi zai tsaya ya ɗora famfo ya karɓi kuɗinsa, musamman in da damina aka haƙa, lokacin da ruwa ya taso. Bazara na zuwa famfo ya fara tari. A biya shi bisa mitocin da ya haƙa da kayan da ya zuba, a kuma ɗauki mai sa ido wanda ba yaronsa ba, ya tsaya a bakin ramin daga farko har ƙarshe. A riƙe wani kaso na kuɗin sai rijiyar ta ga rani guda.

Baba Dattijo: Yaro ka yi magana. Ni dai abin da na sani, ruwan da ya fito daga ƙasa mai zurfi wankakke ne. Rijiyar guga ce ake tsoro, da akuya ke faɗawa.

Malamar Lafiya: Baba Allah ya ƙara girma, rabin maganarka gaskiya ce. Ƙasa tana tace ƙwayoyin cuta, shi ya sa burtsatse ya fi rafi nesa ba kusa ba. Dubi kurkunu: a 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, a 2023 mutum 14 aka samu a duniya baki ɗaya, ba tare da allurar rigakafi ko magani ba, sai tace ruwa da faɗakarwa da samar da rijiyoyi. Amma zurfi ba shaida ba ne.

A Bangaladash tun daga shekarun 1970 aka yi ta kafa miliyoyin famfuna don raba mutane da ruwan kududdufi, mutuwar yara daga gudawa ta ragu sosai. Sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawan rijiyoyin akwai gubar asenik a ciki, daga ƙasar take fitowa, ba wani ya zuba ba. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Sai bayan shekaru tafin hannu da tafin ƙafa su fara kanta da tabo, daga baya ciwon daji. Mutane miliyoyi barkatai suka sha. Ƙarshe bi aka yi famfo-famfo ana gwadawa, mai guba a shafa masa jan fenti, mai kyau kore. A wasu sassan Habasha da Kenya da Tanzaniya kuma sinadarin fuloraid ne ya yi yawa, za ka ga yaran makaranta haƙoransu sun yi ruwan ƙasa, in ya tsananta ƙashi ya lanƙwashe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita ga fuloraid, 0.01 ga asenik, 50 ga naitiret, wanda shi daga masai da taki yake zuwa kuma jarirai ya fi yi wa illa. Ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya ba a yarda a gani a mililita 100 ba.

Uwar Yara: To ba sai a tafasa ba?

Malamar Lafiya: Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa Hajiya. Waɗancan ukun ba ta taɓa su, ƙara musu kauri ma take yi tunda ruwa ke ƙonewa su suna nan. Sai dai ɗakin gwaji, kafin yaro ko ɗaya ya kai baki. Malam Hedimasta, ina masan makarantar suke?

Hedimasta: Bayan azuzuwa, ta gangare. Amma wurin da kwamiti ya nuna don rijiyar ba shi da nisa da su, saboda nan ne inuwa take kuma kusa da ofis.

Malamar Lafiya: A'a Malam. Aƙalla mita 30, kuma rijiya ta kasance ta tudu, masai ta gangare. In ƙasar mai tsagaggen dutse ce a ƙara nisa, don ƙazanta gudu take yi a cikin tsaga ba tare da ta tacu ba. A Landan a 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwa guda, likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya ga yawancinsu famfon titin Broad suke sha, ya sa aka cire masa hannu. Da aka tona daga baya sai ga tsohon ramin ƙazanta dab da rijiyar. Mutanen unguwar kuwa yabon daɗin ruwan suke yi.

Baba Dattijo: Ikon Allah. To na ji, a gwada.

Bakanike: Yanzu ku bar ni in faɗi nawa, tunda ni ake kira bayan masu hoto sun watse. Tuƙa-tuƙa iri biyu aka fi gani. India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970, ƙarfi gare shi, amma in robar silinda ta cinye sai an zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, da manyan sifanu da ƙarti uku ko huɗu. In hannun wani ya kuɓuce, kayan su tafi ƙasa, an shiga wani aikin. Afridev kuwa, da aka gyara ƙirarsa a Malawi da Kenya a shekarun 1980, an yi shi ne don mutanen ƙauye su iya da kansu: sifana guda, ka zaro sanduna da fistin ta cikin bututun roba, ka sauya roba ka mayar, kafin a tashi tara an gama. Malamai biyu da mata biyu na gari in an koya musu sun isa. Dukansu suna jan ruwa har wajen mita 45.

Abin da na fi cin karo da shi tsatsa ce. Za ka zo da safe ka tuƙa, bokitin farko ja wur, farin kaya in an wanke ya ɓaci, mata su ce ruwan yana ƙarni su koma rafi. Ka zaro bututu ka ga zaren mahaɗa ya cinye, ka sa babban yatsa ka danna ya huje. Ba laifin famfo ba ne, ruwan wurin ne mai tsami, aka zura masa bututun ƙarfe mai rufin tutiya. In awon pH na ruwa ya gaza 6.5, wato ruwan mai tsami ne, ba a sa irin wannan bututu, roba ake sawa ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Yuganda ma dakatar da amfani da bututun mai rufin tutiya ta yi a 2016. Ga amfanin gwajin da Malama take faɗa, ba don ciki kaɗai ba.

Ɗan Zamani: Duk wannan dogon bayani ai hujjata ce Oga. Roba, sanda, tsatsa. Sola ba ruwansa da wannan. Ba ma sai da batir ba, rana ta fito ya cika tanki, tankin shi ne ajiyar. Ka ja bututu ka kafa kawunan famfo shida a makaranta, wasu a bakin masai don wanke hannu, wasu a waje don gari. Tuƙa-tuƙa zai kai ruwa bakin masai?

Bakanike: Ba zai kai ba, wannan na ba ka. Amma ranar da tuƙa-tuƙa ya tsaya, roba ce ko sarƙa ko boris. Ranar da sola ya tsaya, ko kwantirola ta ƙone, ko injin ƙasa ya sha yashi, ko an wayi gari an kwance farantan solar. Wanne kwamitin iyaye zai iya ɗauka daga asusunsa?

Injiniya: Ku biyun kuna faɗa kan abin da gwajin ja ne zai raba. In rijiyar ba ta wuce lita 1,000 a awa ba, sola mai ƙarfi zuƙe ta zai yi ya ja iska ya ƙone. In ta ba da ninki uku ko huɗu na haka, zalunci ne a ɗora mata tuƙa-tuƙa gari na layi. Kuma a yi hattara da ƙyale-ƙyale. An taɓa yayin wani famfo daga Afirka ta Kudu mai suna PlayPump, lilo ne mai juyawa, yara na wasa ruwa na hawa tanki. A 2006 aka zuba masa miliyoyin daloli. Ashe yara ba sa wasa daidai da ƙishin gari. A Mozambik an cire wa wasu ƙauyuka tuƙa-tuƙansu aka kafa shi, aka bar mata har da tsofaffi suna tura lilo, in ya lalace kuma ba mai kayan gyara kusa.

Hajiya Ma'aji: Tun ɗazu ina karantawa, ba wanda ya taɓo inda abin yake mutuwa. Ni na riƙe asusun kwamitin ruwa. Watan farko kowa ya biya, na uku rabi, na shida sai ni da littafi. Mutane suna cewa ai kyauta aka ba mu, me za mu biya? Ran da famfo ya tsaya aka fara bi gida-gida, kafin a haɗa kuɗin an koma rafi an saba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Baba Dattijo: Hajiya ruwa ba abin sayarwa ba ne. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya na ji ta ce haƙƙin ɗan Adam ne.

Hajiya Ma'aji: Ta faɗa Baba, a watan Yulin 2010. Amma cewa ta yi ya zama kowa zai iya samu ba tare da ya fi ƙarfinsa ba, ba ta ce kyauta ba. Ba ruwan ake saya ba, roba da ladan mai gyara ake tarawa. Marayu da tsofaffi da marasa hali a ɗauke musu, a rubuta sunayensu gaban kowa don kada a ce son kai.

Injiniya: Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana nuna a kowane lokaci tsakanin famfo 1 cikin 5 zuwa 1 cikin 3 ba ya aiki, gwargwadon wanda ya ƙirga da yadda ya ƙirga. An daɗe ana ɗora laifin kan kwamitoci, alhali aikin sa kai aka jibga wa mutanen da ke da gonakinsu. A Kenya masu bincike na Jami'ar Oxford sun gwada wata hanya: suka sa na'ura a hannun famfo tana aika saƙon waya kan yadda ake tuƙa shi, ga makanikai da aka ɗauka aiki suna jira. Zaman famfo a lalace ya sauko daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana 3. Daga nan aka kafa kamfanin gyara mai suna FundiFix, jama'a da makarantu suna biyan kuɗin wata, kamfani na gyara. Mutane sun fi yarda su biya in sun san gyaran zai zo da wuri.

Uwar Yara: Wani abu kuma, dogon hutu. Makaranta a rufe, maigadi ya tafi gona, wa ke duba rijiyar? In gari na sha daga gare ta, idonsu na kai.

Hedimasta: Wannan ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan haɗawa da gari. Amma tsorona hayaniya lokacin darasi, da shanu, da masu wanki a tsakar makaranta.

Ɗan Zamani: Shi ya sa na ce sola Malam. Rijiya da tanki a ciki, kawunan gari a bayan katanga, kowa da mashigarsa.

Bakanike: In tuƙa-tuƙa ne ma ana yi. A kafa shi a jikin shinge ta gefen hanya, a sa lokaci: makaranta ta cika durom-durom ɗinta da safe, gari kafin a shiga aji da bayan an tashi. A ja magudana mita da yawa zuwa ramin tsakuwa, kwamin dabbobi can nesa. Kwatamin da ke taruwa a gindin famfo shi ke komawa cikin rijiya in dakali ya tsage.

Malamar Lafiya: Durom ɗin nan kuma ya zama mai murfi da kan famfo a ƙasa. Ruwa na fitowa da tsabta daga rijiya ya lalace a aji, yara arba'in suna tsoma kofi guda da hannuwansu. In tanki ne a riƙa wanke shi ana sa kulorin daidai awo, yadda abin da zai saura a ruwan bai gaza miligiram 0.2 a lita ba. Gwajin ƙwayoyin cuta kuma a maimaita shi da damina, ba sau ɗaya ranar buɗewa ba.

Baba Dattijo: Wai ni Malam, ba wata tsohuwar burtsatse a garin? Ban taɓa ganin ƙauyen da ba gawar famfo ko guda ba.

Hedimasta: Akwai Baba, har biyu. Ɗaya an cire kan, yara sun cika ramin da duwatsu. Ɗayar hannun na nan, in ka tuƙa sai ƙara.

Baba Dattijo: To da sabon gini gara yaɓe.

Injiniya: Ta duwatsun a manta da ita, sai dai a toshe bakinta da siminti don kada ta zama hanyar ƙazanta zuwa ruwan ƙasa. Ta biyun a buɗe a zura igiyar awo, a ga zurfinta da inda ruwa ya tsaya, a wanke a yi gwajin ja. In tana da rai, gyaranta ba zai kai kuɗin sabuwa ba, gari ya samu tasa, layi ya ragu a ta makaranta. Ko ba ta da rai za ta gaya mana abin da ya kashe ta, tsatsa ce ko ƙafewa, kafin a maimaita a sabuwar.

Hajiya Ma'aji: Sai dai mai bayarwa ya yarda. Masu kyauta sun fi son sabuwa mai allo da suna, ba wanda ke son a ce ya sayi roba.

Hedimasta: Zan gwada shi. Abin da zan kai masa: awon ƙasa tukuna, mai sa ido namu, gwajin ja da na ɗakin gwaji kafin a sayi famfo kowane iri, a duba tsohuwar, sannan ya ware wani abu na gyaran shekarun farko ko da za a rage girman tanki. Injiniya, in ya ce shi dai sola ya yi niyya ko ya fasa fa?

Injiniya: Ka karɓa, amma ƙarfin injin ya bi sakamakon gwaji, a sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya sauka, farantan a ɗaga su sama a walde ƙusoshin. Kuma ka karɓi takardar rijiyar ka ajiye a ofis: zurfi, inda aka sa bututu mai tsaga, inda ruwa ya tsaya, abin da ta bayar a awa. Duk mai gyaran da zai zo nan gaba ita zai fara tambaya.

Bakanike: Kwafi biyu Malam, ɗaya wajen Hajiya Ma'aji. Hedimastoci ana yi musu canjin wurin aiki.